Yadda Ake Ƙwato Sabuwar Gonar Kuloba Ta Barewa Daga Hannun Ciyawa

Duk wanda ya ware eka ɗaya ko biyu a bakin daji a Amurka don ya shuka wa barewa kuloba, watannin farko ne za su fi ba shi ciwon kai. Kuloba ɗan ƙaramin tsiro ne mai ganye uku-uku, dangin wake, barewa na son ta ƙwarai saboda laushi da yawan furotin. Farar kuloba, irin su ladino da Durana, in ta kafu tana yin shekara uku zuwa biyar ba a sake shuka ba. Sai dai tana da nawa wajen tashi. Ƙarfinta na farko a saiwa take zuba shi, kafin ta ɗago kai ciyawa ta kere ta, ta tare mata rana, ta shanye damshin ƙasa.

Ni a ganina rabin aikin tun kafin a watsa iri ake gama shi. Ka ɗebi ƙasa ka kai ofishin malaman gona na gundumarku a gwada. Kuloba na son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kasance tsakanin 6 da 7. In ƙasar ta yi tsami, a zuba farar ƙasa tun da wuri, don tana ɗaukar watanni kafin ta yi aiki. Taki kuwa a nemi marar naitirojin, kamar mai lamba 0-20-20 a jikin buhu. Kuloba na samar wa kanta naitirojin ta hanyar ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwarta, saboda haka in ka zuba mata yuriya, ciyawar ka ciyar. Bayan ka yi huɗa ka daidaita ƙasa, kada ka shuka a ranar. Huɗa tana tono irin ciyawar da ya daɗe a binne ta kawo shi sama. Ka bar filin mako biyu ko uku, ruwa ya sauka, ya yi kore shar, sannan ka fesa gilaifoset, maganin kashe ciyawa da ke cikin Roundup na manoma. Daga nan kada ka ƙara taɓa ƙasar da garma. Ka watsa iri a kai, ka bi da abin dannawa, zurfin kada ya wuce kwatan inci.

Lokacin shuka ma yana rage wahala. Na fi son ƙarshen Agusta zuwa Satumba a jihohin arewa, a kudu kuwa har Oktoba. Ciyawar zafi a lokacin ta kusa ƙarewa, raɓar ƙanƙara ta farko za ta kashe ta, ita kuwa kuloba ba ta damu da sanyi ba. Ina haɗa ta da alkama ko hatsin ot kaɗan, ba mai kauri ba: su rufe ƙasa da wuri, barewa ta ɗauke kai zuwa gare su, ƙananan kuloba su samu sarari. Shukar Afrilu tana yiwuwa, amma a tare za su tashi da ciyawa, ka shirya feshi ke nan.

To, an shuka, ciyawa ta fito duk da haka. Kafin ka sayi kowane magani, ka shiga gonar ka durƙusa ka ga abin da ke ciki, domin iri uku ne, kuma galibi maganin wannan ba ya taɓa wancan. Akwai mai siririn ganye: harƙiya, ƙiri-ƙiri, feskiyu, da wata doguwa dangin dawa da ake kira ciyawar Jonson. Akwai mai faɗin ganye: zaki-banza da 'yan uwanta dangin alayyafo, da wata da ake kira ragwid. Ta ukun ita ce ke yaudarar mutane, dangin aya. Daga nesa kamar siririyar ciyawa ce, ganyen na ƙyalli, launinsa kore mai ratsin ɗorawa. Ka tsinke kara ɗaya ka murza tsakanin yatsa biyu. In ka ji kusurwa uku, ita ce, kuma maganin siririyar ciyawa ba zai yi mata komai ba.

Ga mai siririn ganye, kiletodim ake fesawa, wanda ake sayarwa da sunaye kamar Select Max da Arrest Max. Ba ya cutar da kuloba ko kaɗan, amma ka tuna zai kashe alkama da ot ɗin da ka haɗa, don haka a shukar kaka sai bayan sanyi ya wuce ake fesa shi. Yawancinsa sai an zuba masa man da ke sa magani ya manne wa ganye, takardar jikin galan za ta faɗi wanne da kuma nawa. A fesa lokacin da ciyawar ba ta wuce inci 4 zuwa 6 ba, tana cikin girma, akwai damshi a ƙasa. Ciyawar da fari ya ƙuntata ba ta shan magani. Sannan a yi haƙuri, don wannan magani ba ya nuna kansa da wuri. Bayan mako guda za ka ga gonar kamar ba a yi komai ba. Ka kama ganyen tsakiya, wanda ya fito na ƙarshe, ka ja a hankali. In ya zare ba gardama, gindinsa ya yi ruwan ƙasa ya yi laushi kamar ya ruɓe, to ciyawar ta mutu ko da samanta na kore. Ƙiri-ƙiri da feskiyu masu daɗewa ne, sukan buƙaci zagaye na biyu.

Mai faɗin ganye ta fi wuya, saboda kuloba ma mai faɗin ganye ce. Maganin da aka saba shi ne 2,4-DB, irin Butyrac 200. Don Allah ka duba harafin B ɗin nan da kyau kafin ka biya kuɗi, domin 2,4-D marar B zai halaka kulobar gaba ɗaya. Bambancin shi ne ciyawa tana juya 2,4-DB a cikin jikinta ya koma 2,4-D ya kashe ta, dangin wake kuwa ba sa juya shi da sauri haka. A jira sai kuloba ta fitar da ganye mai rassa uku guda biyu zuwa huɗu, ciyawar kuma ba ta wuce inci 3 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zaki-banzar da ta kai gwiwa murɗewa kawai za ta yi ta sake miƙewa. In akwai cikori ko dangin kabeji a haɗin irinka, wannan magani zai taɓa su. Akwai kuma Pursuit da Raptor, masu kama faɗin ganye da wasu siririn ma, har su danne dangin aya. Pursuit yana daɗewa a ƙasa, zai iya hana ka shuka dangin kabeji a wurin fiye da shekara, saboda haka ka yi tunanin abin da za ka shuka gaba kafin ka fesa. Ni ban cika haɗa maganin siriri da na faɗi a tanki ɗaya ba. Nakan raba su da 'yan kwanaki, don ɗaya na iya rage wa ɗaya ƙarfi, man kuma na iya ƙona ganyen ƙananan kuloba.

Adadin magani yana kan takarda, kuma a Amurka bin takardar nan doka ce. Amma adadin ba shi da amfani in ba ka san ruwan da injinka ke zubarwa a eka ba. Ga hanya mai sauƙi ga mai injin goyo. Ka auna fili ƙafa 18.5 kowane gefe, wato kashi ɗaya cikin 128 na eka. Ka fesa shi da ruwa zalla da tafiyarka ta yau da kullum, ka riƙe daƙiƙun da ka ɗauka. Sai ka fesa cikin kofin awo mai ma'aunin oza na tsawon waɗannan daƙiƙu. Yawan ozar da ta taru shi ne yawan galan da kake zubarwa a eka, tunda oza 128 ke cikin galan. Safar hannu, doguwar riga, ranar da ba iska, kuma a wanke tanki sarai in an taɓa zuba gilaifoset a ciki.

Yanka da injin ciyawa yana da nasa wuri. Yana maganin mai faɗin ganye in ta zarce kuloba ta fara fure, kafin ta zuba iri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda gindi ɗaya na wasu dangin alayyafo na zubar da iri dubu ɗaruruwa. A ɗaga wuƙar zuwa inci 6 ko 8, a sare kawunan ciyawa kawai. Ba a yanka cikin tsananin zafi ko fari. Siririyar ciyawa kuwa yanka ba ya kashe ta, ƙara kauri take yi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen Mayu da Yuni, lokacin haihuwar barewa. Jaririn ba ya gudu in ya ji ƙarar tarakta, lafewa yake yi a ƙasa, talotalon daji ma tana kan ƙwai. Ka zaga filin da ƙafa tukuna, ko ka jinkirta yankan.

Ba kuma kowace ciyawa ce ta cancanci kuɗin magani ba. Barewa na cin ragwid tana ƙarama, tsuntsayen daji na cin irinta. In kuloba ce ta rufe mafi yawan ƙasa, ciyawar nan jefi-jefi ce, na kan bar ta. Wani lokaci ma laifin ba na ciyawa ba ne. Ka kafa ɗan keji na waya mai faɗin ƙafa uku a tsakiyar gona. In kulobar ciki ta yi tsawo ta waje tana manne da ƙasa, bareyi ne suka fi ƙarfin filin, suna kiwo suna buɗe wa ciyawa hanya. Maganin wannan shi ne a faɗaɗa gonar, ko a kewaye ta da wayar lantarki har kulobar ta kafu.