Yadda Ake Kallon Gajerun Finafinan Zane na Japan

Matasa da yawa a Garwa da Marwa suna tura wa juna gajerun finafinan zane na Japan ta waya, amma akasarinsu kallo ɗaya suke yi su wuce, su ce abin yara ne. A ganina fim na minti goma ya cancanci kallo uku, kuma tunda an riga an sauke shi, maimaitawar ba za ta ƙara cin ko sefa ɗaya ba.

Kallon farko a yi shi yadda aka saba, da sauti da fassarar Faransanci idan akwai. A na biyu kuwa, a kashe sautin ɗungurungum, a zuba wa motsi ido. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma masu zanen Japan sukan bar zane ɗaya ya cike gurbin hoto uku, wato zane takwas ke nan a daƙiƙa, salon da ya bunƙasa bayan mai zane Osamu Tezuka ya kai labarinsa Astro Boy talabijin a 1963. Kada a ɗauki wannan a matsayin kasawa, domin sau da yawa a cikin tsayuwar ne dariyar take. Mutum zai yi katoɓara, fuskar abokinsa ta sandare, komai ya tsaya cik, sannan ƙaton ɗigon gumi ya bayyana a gefen kansa. A ƙirga tsawon wannan tsayuwar, domin idan ta gaza ko ta zarce, rahar ta lalace. Gumin yana nufin kunya ko rasa abin faɗa, jijiyar da ta taso a goshi fushi ce, kumfar da ke fita daga hanci kuma barci ne.

Yana da kyau a gano wane ne wane cikin 'yan wasan. Wasan barkwancin Japan da ake kira manzai na mutum biyu ne, boke mai sakin shirme da tsukkomi mai gwale shi nan take. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi yana jin Bafulatani da Babarbare suna tsokanar juna ba zai ji abin baƙo ba, sai dai a manzai kowa yana riƙe da matsayinsa har ƙarshe.

A kallo na uku a riƙa tsayar da hoton ana duba launi da abin da ke bayan mutane. Fim ɗin Kunio Kato na 2008, La Maison en Petits Cubes, mai minti 12, wanda ya ci kyautar Oska a 2009, ba a furta ko kalma ɗaya a cikinsa. Wani tsoho ne da ruwa yake cinye garinsa, yana ta ɗora sabon ɗaki a kan tsohon, har ranar da lofensa ya faɗa ƙasa ya nutsa nemansa, kowane ɗaki yana tuna masa da matarsa da 'yarsa. Launinsa duka kamar na tsohuwar takarda ne. Na nuna wa gwaggota a Kuseri, wadda ambaliyar kogin Logon ta taɓa fitarwa daga gidanta, sai ta ce, "Ɗan nan, tsayar min da shi in ga bangon nan," ta daɗe tana kallon hotunan da tsohon ya rataye.

Akwai kuma fim ɗin da kunne ya fi ido aiki a kansa. Atama Yama na Koji Yamamura, wanda ya fito a 2002, an ɗauko shi ne daga rakugo, wato labarin ban dariya da mutum ɗaya yake bayarwa a zaune. Wani marowaci ne ya haɗiye ƙwallon 'ya'yan itace don kada ya yi asara, bishiya ta tsiro masa a ka, jama'a suka taru suna shagali a ƙarƙashinta. Shi kam a ƙara masa sauti, domin muryar mai ba da labarin da kiɗan shamisen, mai tsirkiya uku kamar molo, su ne suke jan rahar tun daga farko.