Mai zuwa Zuiganji, duba tashar da za ka sauka

In ka tashi daga birnin Sendai na ƙasar Japan za ka je haikalin Zuiganji na mabiya addinin Buddha da ke garin Matsushima, shiga jirgin ƙasa na layin Senseki, ka sauka a tashar Matsushima-Kaigan. Kada sunan ya ruɗe ka ka sauka a tashar Matsushima, wannan wani layi ne daban.

Daga Kaigan, minti kaɗan a ƙafa kana bakin ƙofa. Daga ɗayar kuwa sai ka taka kusan minti 20, ko ka biya tasi. Ni na taka, da jaka a baya.

Wurin ya cancanci ka isa da sauran ƙarfinka. Date Masamune, mai mulkin Sendai, shi ya sake gina shi, aka kammala a 1609, ya zama haikalin gidansu. Tsaya ka kalli ƙofofin zamiya masu zanen ruwan zinare, da kogunan da aka sassaƙa a jikin dutse kusa da hanyar shiga. Itatuwan wannan hanya da yawa an sare su, ruwan gishirin tsunami na 2011 ne ya kashe su. Abin ya taɓa min zuciya.

Ana cire takalmi a ciki. Lokacin sanyi katakon kamar ƙanƙara, ka tafi da safa mai kauri.

Inda dabarar ba ta ci: jirgin Senseki-Tohoku mai sauri ba ya tsayawa a Kaigan. Karanta allon kafin ka hau. Kuma da hunturu suna rufewa da wuri, ka yi sammako.