Safayar da Kake Zaton Tana But: Kurakuran da Masu Motocin Zamani Suka Fi Yi

Wani maƙwabcina ya sayi mota 'yar Kwatano bara, fes da ita kamar a lashe. Ranar biyan kuɗi ya tafi da bakanikensa, suka saurari inji, suka gwada giya da esi, har ƙarƙashinta aka leƙa ko an taɓa yi mata walda. But kuwa buɗewa kawai aka yi, aka yaba faɗinsa, aka mayar aka rufe. Bayan wata uku, yana kan hanyar zuwa ɗaurin aure, tsakanin Potiskum da Damaturu, ya faɗa wani rami tayar gaba ta tsage. Ya sauke kayan iyali a bakin titi, ya ɗaga kafet ɗin but, sai ya tarar da wani baƙin soso mai kauri an yanke masa gurbi biyu: ɗaya na ɗan injin hura iska, ɗaya na wata kwalba mai farin ruwa kamar madara. Ba taya, ba jak, ba sifana. Da ya kira ni, abin da ya fara faɗa shi ne, "Malam, an sace min safaya." Na ce masa, "Alhaji, ba wanda ya sace, haka kamfani ya ƙero ta."

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ne uwar sauran: ɗauka cewa duk mota da safayarta take zuwa. A zamanin Fijo 504 haka ne. Daga baya ƙasashen Turai da Amurka suka matsa wa kamfanoni da dokokin rage shan mai da hayaƙi, kowane kilo lissafinsa ake yi, ga shi taya da rim da jak sukan kai kilo 15 zuwa 20. Motoci masu batir kuma, da masu haɗa batir da fetur, sau da yawa gurbin safayar ne batir ya cinye. Tesla ba ta zuwa da safaya sam. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ce kashi 28 cikin 100 na samfuran 2017 ba su zo da ita ba. Takwararta ta Birtaniya, RAC, ta duba sababbin samfura sama da 300 a 2023, ta tarar kusan uku ne cikin kowane ɗari ke fitowa da ita daga kamfani. Su can idan taya ta fashe waya za su buga, motar taimako ta zo. Waɗannan motocin ne kuma, bayan shekara bakwai ko goma, ake sauke mana a Legas da Kwatano. Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, ɗaga kafet ɗin da hannunka. Idan ba taya, a saka kuɗinta cikin ciniki tun kana da bakin magana.

Kwalbar nan ba ta ɗinke tsagewa

Wasu sun san ba su da safaya, amma hankalinsu kwance yake saboda kwalba. Ruwan cikinta wani danƙo ne da injin ke turawa cikin taya tare da iska, ya toshe ƙaramin huji, irin na ƙusa, wanda bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, kuma sai in a fuskar tayar yake, inda take taka ƙasa. Idan gefe ne ya tsage, ko rim ya lanƙwashe, ko ka ja tayar a sace har ta taune, ruwan zai tsiyaye ƙasa kana kallo. To mu kuma me ya fi kashe mana taya a doguwar hanya? Rami da gefen kwalta mai kaifi, wato daidai abin da kwalbar ba ta magani.

Ga kuma ranar lalacewa a jikinta, wadda ba mai karantawa. Ruwan yakan yi shekara huɗu ko makamancin haka. Motar da aka ƙera a 2014 ta iso hannunka yau, in ba a canja kwalbar ba, kusan kwalliya kake yawo da ita.

Idan ƙusa ce kuma ruwan da sauransa, kada ka zare ƙusar. Haɗa kwalbar da injin, ka hura har awon da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka tashi nan take ka yi 'yan kilomitoci don ruwan ya zagaye, sannan ka tsaya ka sake aunawa. Kada ka wuce gudun 80. Da ka isa wurin mai faci ka gaya masa abin da ka zuba, don sai ya wanke cikin tayar kafin faci ya kama. Ɗan injin iskar kuwa ka riƙe shi da kyau, ya fi kwalbar amfani nesa ba kusa ba.

Tayar da ke tafiya ba iska

BMW da Mini da wasu Marsandi sukan zo da wata irin taya mai ƙarfin gefe, wadda ko iskarta ta fice za ta ɗauki motar kimanin kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Za ka gane ta da haruffan jikinta: RFT, RSC, ZP, SSR ko MOE, gwargwadon kamfani. Sienna mai jan taya huɗu, ta 2004 zuwa 2020, ita ma da irinta take zuwa, ba ta da gurbin safaya. Kuskuren a nan na aljihu ne, kuma ban ga laifin kowa ba. Tayar tana da tsada, ba a kowane shago ake samunta ba, ga tauri a kan gargada. In ta cinye sai mutum ya sa ta gama-gari, motar ma ta fi daɗin tuƙi. Sai dai ya manta cewa waccan tayar ita ce safayarsa. Ranar da ka canja, ranar ya kamata ka sayi rim da taya da jak.

Sannan irin wannan taya ba ta nuna ta sace da ido. Fitilar dashbod ce ke gaya maka, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Na sha shiga motar da wannan fitila ta shekara a kunne, mai ita ya ce, "Ai haka take."

Siririyar safaya

Nan zan daɗe, don nan aka fi wasa da rai. Yawancin Corolla da Camry da Accord da ke shigowa daga Amurka da siririyar safaya suke zuwa, mai kama da tayar babur. A jikinta akwai tambari, galibi rawaya, an rubuta 80 km/h ko 50 mph. Aikinta ɗaya ne: ta kai ka wurin mai faci mafi kusa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada tafiyarta ta wuce kilomita 80 zuwa 110. Daga Damaturu zuwa Maiduguri kaɗai ya zarce haka.

Amma sai ka ga mutum ya yi mako biyu da ita a gari, har ya ɗauki hanyar Zariya da ita, baya cike da mutane, but ya ƙi rufuwa. Robarta ba kauri, zanenta ba zurfi, faɗin da take taka ƙasa da shi kaɗan ne. In ka taka birki da ƙarfi motar za ta fizga gefe guda, a kwana kuma ba ta riƙo, balle da damina. Kasancewar tsayinta bai kai na 'yar'uwarta ba, ta fi ta saurin juyawa, wannan kuma yana gajiyar da kayan giya, musamman a mota mai jan taya huɗu.

Iskarta ma daban ce. Tayar gama-gari takan sha 30 zuwa 35 a geji, siririyar kuwa 60 take so, a jikinta ma an rubuta. Mai faci in ba ka tsaya a kansa ba 40 zai ba ta, ya ce, "Oga, in na ƙara fashewa za ta yi." Nuna masa rubutun. Ƙarancin iskar ne ke sa ta zafi ta fashe. Idan kuma tayar gaba ce ta mutu, kuma kana da lokaci da wuri mai aminci, ciro ta baya mai lafiya ka sa a gaba, siririyar ta koma baya. Jak sau biyu ne, amma sitiyari da mafi yawan birki a gaba suke.

"Duk huji biyar ne"

Wanda ya yanke shawarar sayen cikakkiyar safaya ya yi daidai, sai dai a kasuwa ake yin ɓarin. A ƙirga huji biyar, a jefa a but, a tafi. Tazarar hujin ba ɗaya ba ce. Camry tana da biyar a da'irar milimita 114.3, Corolla 'yar Amurka biyar a 100, Marsandi da Golf 5 biyar a 112, tsofaffin BMW a 120. Ko tazarar ta zo ɗaya, akwai ramin tsakiya: Camry da Accord duk 114.3 ne, amma ramin rim ɗin Toyota milimita 60.1 ne, kan da zai zauna a Honda kuwa 64.1, don haka ba zai shige ba. Ƙaramin rim kuma yana iya gogar gidan birkin gaba. Maganin duka ɗaya ne: kada ka biya sai an ɗaga motarka a wurin, an ɗaura shi a gaba, an ɗaura a baya, an juya an ji ba ya taɓa komai, notinka kuma sun zauna daidai. Lambar tayar ta zama irin ta sauran, in 205/55 R16 ce, ita za ka nema. In ba gurbi a but, a ɗaure ta da igiya mai ƙarfi, don taya sakakkiya makami ce ranar hatsari.

Masu mayar da mota ta iskar gas, waɗanda suka yawaita tun da aka cire tallafin mai a 2023, su tambayi mai haɗawa inda tulun zai zauna. In ya danne murfin gurbin safaya, akwai ta da babu duk ɗaya.

Tana nan, amma ta mutu

Taya tana tsufa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. A gefenta, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Kamfanonin taya da yawa sun ce kada ta wuce shekara goma ko da zanenta sabo ne, wasu masu ƙera motoci sun ce shida, jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuwa huɗu suka saba faɗa, kuma safaya na cikin abin da suke tambaya a hanya. Iska ma tana zurarewa a hankali, ga zafin but a watan Afrilu. Duk ranar da za ka auna huɗun, ka haɗa da ta biyar.

A Hilux da Highlander da Sienna mai jan gaba, a ƙarƙashin mota take rataye. A 2010 Toyota ta nemi a mayar mata da Sienna masu yawa don gyara a jihohin Amurka masu sanyi, saboda gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cinye wayar da ke riƙe safayar har ta faɗo. Daga can namu da yawa suka fito. Sauke ta sau biyu a shekara, ka duba wayar, ka shafa mata giris, ka kuma san inda ake zura ƙarfen saukewar tun da rana tsaka a ƙofar gida.

Kayan aiki kuwa a gwada su, kallo ba ya isa. Wasu motocin kowace ƙafa tana da noti ɗaya na hana sata, mai buƙatar ɗan makullinsa, wanda sau da yawa ya ɓace tun a jirgin ruwa. In babu, a cire su a sa na gama-gari. Kada ka bar yaron mai faci ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa biyu, don kai kaɗai za ka kwance a daji. Ajiye guntun katako na ɗora jak a kan yashi. Ja hambirki, sa weji, sassauta notin tun tayar tana ƙasa, sannan ka ɗaga.

Shi maƙwabcin nawa, wani direban Sharon ne ya tsaya ya ara masa jak da sifana. Ya ɗora motar a kan duwatsu, ya bar iyali a gindin bishiya, ya bi direban da rim a cinya har Damaturu, bai dawo ba sai bayan la'asar, an daɗe da shafa fatiha. Yanzu yana da cikakkiyar safaya ɗaure a but. Uwargida dai har yau tana mita, wai ba wurin sa kulolin abinci.