Yadda ake gano matsalar kubar lantarki ta ƙofofin kaya a mota mai ɗaki

Motocin nan masu ɗaki a ciki, da ake kawowa na hannu daga Turai, ba su da yawa a Damagaram, amma duk wadda ta shigo garajinmu ƙorafinta kusan ɗaya ne: ƙofofin ma'ajiyar kaya da ke gefenta sun daina buɗewa da madanni. Abin da zan faɗa ya shafi ƙofar bayan ƙananan motoci ma, don aikin iri ɗaya ne. Na rubuta shi ne saboda yaran da nake gani suna ɗaukar turnabis su ɓamɓare kuba tun ba su san inda ciwon yake ba.

Kafin ka taɓa komai, ka sa kunne. Wani ya danna madanni, kai kuma ka kara kunnenka a jikin ƙofar. In ka ji "ƙat" ko gurnanin ƙaramin inji amma sakata ba ta saki ba, wuta tana zuwa, matsalar ta ƙarfe ce. To sai ka tura ƙofar ciki da tafin hannu yayin da ake dannawa. Sau da yawa buhu ne ko jarka ta jingina da ƙofar daga ciki bayan girgizar hanyar Tanut, ta matse sakatar har injin ya kasa janta. Wannan ba ya bukatar ko dala.

In kuwa shiru ka ji, ka tambayi kanka: ƙofa ɗaya ce ko dukansu? In dukansu ne, kada ka buɗe ko ɗaya. Mota mai ɗaki batir biyu gare ta, na inji da na ɗaki, kuma akwai madannin da ke yanke wutar ɗakin gaba ɗaya. Mota tana iya tashi lafiya lau alhali batirin da ke ciyar da kubobin ya mutu. Cikakken batir da ya huta yana nuna volt 12.6, in ya sauko wajen 12.0, ka caje shi tukuna sannan ka dawo. Daga nan sai fiyus, wanda mu nan muke kira fizibil. Launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja amfa 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. Ka mayar da irin wanda ka ciro. Masu naɗa zaren waya a gurbinsa su daina, na ga allon wuta da ya narke saboda haka, kuma kuɗinsa ya ninka na fiyus sau ɗari.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi: ƙofa ɗaya ta mutu, sauran suna aiki.

Buɗe ta da makullin hannu, ka cire murfin ciki. Za ka ga injin kubar, baƙar roba kamar ƴar ƙaramar bindiga, da wayoyi biyu. Ƙaramin inji ne da haƙora a ciki. In wuta ta shiga ta wannan waya ya tura, in aka juya ta shiga ta waccan ya ja. Shi ya sa babu wadda take "mai wuta" kullum. A yawancin tsarin nan, in ba a danna komai ba, wayoyin biyu duka suna kwance a mas, wato haɗe da jikin mota, wutar kuma ba ta kai daƙiƙa ɗaya take zuwa ta ɗauke. Yaro ya ɗora mitar auna wuta, bai ga komai ba, sai ya ce waya ta mutu, alhali ba a danna ba. Ka zare soket ɗin, ka auna tsakanin wayoyin biyu, wani yana dannawa kana kallo.

To amma mita kaɗai ba ta isa shaida ba. Wani Alhaji ya taɓa kawo mini tasa, ƙofar da yake ajiye janareto ta ƙi. Na auna, mita ta nuna 12 ɗin nan tsaf. Na ce injin kuba ne, aka aika Kano aka sayo a Ƙofar Ruwa, muka jira kwanaki. Na ɗaura sabo, shiru. Ya tsaya kaina ya ce, "Malam, shi ma sabon ya mutu ne?" Ranar ban ci abincin rana ba. Da na ja robar da ke rufe wayoyi a gindin ƙofar, inda take lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe, sai na ji waya ɗaya ta yi laushi a tsakanin yatsuna kamar taliya. Na yanka rigarta. Zaren jan ƙarfen duk sun karye sun yi kore, saura sili biyu rak. Sili biyu sun isa su nuna wa mita 12, domin mita ba ta shan wuta, amma ba za su iya ɗaukar nauyin inji ba. Kuɗin wannan injin ni na mayar masa daga aljihuna, don kuskurena ne.

Tun daga ranar ba na auna kuba sai da ƙwan fitila. Ka nemi ƙwan sigina mai wat 21, ka liƙa masa wayoyi biyu, ka soka su a soket ɗin. Yana jan kusan amfa biyu, saboda haka yana tilasta wa wayar ta yi aiki. In aka danna ya haska fes, aka danna na kullewa ya sake haskawa, wayoyinka lafiya. In ya yi ja-ja kamar garwashi, ko ya haska a ɗaya kawai daga cikin dannawar biyu, ka bi waya ko rele, wato ƴar na'urar da ke sakar wa kuba wuta in an danna. Ka riƙa motsa robar gindin ƙofar da hannu yayin da ake dannawa. In hasken yana zuwa yana ɗaukewa, ka kama ɓarawon. Zafin watan Afrilu da Mayu na garin nan yana busar da rigar waya ta yi tauri, kuma daidai wurin lanƙwasa take tsagewa.

Gyaranta kuma ba murɗawa a naɗe da salatif ba ne. Ka yanke duk ɓangaren da ke shiga cikin robar, ka sa sabuwar waya mai laushi mai kaurin ta asali, ka yi haɗin nesa da wurin lanƙwasa, ɗaya cikin ƙofa ɗaya cikin jikin mota, ka liƙe da dalma. Haɗin da aka yi a kan lanƙwasar ba ya kai damina.

Sai bayan wayoyi sun wanke kansu za ka tuhumi injin. Ka tabbata soket a zare yake, in ba haka ba za ka tura wuta baya ka ƙone rele. Ka jawo wayoyi biyu daga batir, ka ɗan taɓa ka ɗauke, ka juya su ka sake. Taɓawa kawai, in ka riƙe zai ƙone. In bai motsa ba, ko yana kuka ba ya turawa, haƙoransa sun cinye, a canza. Mai waya biyu na kowa-da-kowa yana shiga yawancin ƙofofi kuma ya fi na kamfani araha nesa ba kusa ba, sai dai ka duba na volt 12 ne, don manyan bas 24 suke.

In injin yana motsi amma kuba ba ta bi, ka duba sandar ƙarfen da ta haɗa su, ƴar robar da ke riƙe bakinta takan fashe. Ka wanke kubar da kananzir, ka bushe ta. Kada ka cika ta da giris. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama laka, ta kama sakata. Garin bakin fensir ya fi. Ka sassauta ƙarfen da sakata ke kamawa ka daidaita shi har ƙofa ta rufu ba sai an buga ta ba, sannan ka gwada sau goma a buɗe, sau goma a rufe, kafin ka mayar da murfin.