Yadda Ake Zaɓar Ƙaramin Injin Giya Don Haɗa Mutum-mutumi

Duk mai son haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai tafiya da tayoyi a nan Sakkwato, ya kamata ya fara da ƙaramin injin lantarki mai akwatin giya, ruwan ɗorawa, da ake kira TT, domin yana da araha kuma yana aiki da bolt 3 zuwa 6. Giyarsa ta 1:48 ce, wato sai injin ya juya sau 48 kafin tayar ta juya sau ɗaya; gudu yana raguwa, amma ƙarfin ja yana ƙaruwa.

Kada ka haɗa wayoyinsa kai tsaye da Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ke sarrafa mutum-mutumin, saboda wutar da injin ke ja ta fi ƙarfin allon, tana iya ƙona shi. Sanya allon L298N, mai sarrafa wutar da ke zuwa injin, a tsakani, ka ba injin batirinsa daban, sannan ka haɗa wayar ƙasa (wato wayar negatif, mai alamar GND) ta ɓangarorin biyu wuri ɗaya. Idan taya ɗaya ta juya baya, musanya wayoyin injinta biyu da juna kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar hunturu, wadda ke shiga tsakanin haƙoran roba na giyar har su cinye. Rufe akwatin giyar da salatif, kuma kada ka gwada shi cikin yashi.