Yadda Ɗalibi Zai Kula da Jikinsa Don Karatu Ya Zauna

Ɗalibai da yawa sun ɗauka ƙoƙari shi ne yawan awannin da aka shafe a gaban littafi. Amma kan da bai huta ba, duk abin da aka zuba masa zubewa yake yi. Ka fara bin waɗannan matakai tun makon farko na zango, kada ka jira sai jarrabawa ta ƙarato.

Da farko, tsayar da lokacin kwanciya, kuma daga lokacin tashi ake yin lissafin. Mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, ke nan in ƙarfe 6 zai tashi, ƙarfe 10 na dare ta same shi a kwance. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12 ne nasa. A cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da ta koya da rana. Shi ya sa wanda ya kwana yana karatu yakan shiga ɗakin jarrabawa ido jawur, ya yi ta maimaita tambaya ɗaya bai gane inda ta dosa ba. Ko ranar da babu makaranta, kada ka kauce wa wannan lokaci sosai, don safiyar Litinin ce za ta biya bashin.

Abin da ke hana wannan mataki tafiya, kowa ya sani, waya ce. Ajiye ta awa guda kafin kwanciya, can nesa da gado. Kofi da lemukan ƙara kuzari ma a bar su bayan azahar, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu, mai hana barci, yakan yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki.

Sai karin kumallo. Ba sai mai yawa ba, amma ya kasance mai riƙe ciki, kuma a tafi da ruwan sha. In ɗalibi yana barci isasshe amma kullum a gajiye yake, ga jiri, a duba jininsa. Ƙarancin sinadarin ayan, wato sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, yana rage mai da hankali, kuma ya fi kama 'yan mata da suka fara al'ada.

Motsa jiki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 a kullum ga masu shekara 5 zuwa 17. Ƙwallo, keke, tafiya da sauri, duk sun shiga lissafi.

Karatun kansa a rarraba shi. Tun 1885 masanin nan Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu. Don haka ka duba darasin yau da yamma, ka sake waiwayarsa bayan kwana biyu, sannan a ƙarshen mako. A ganina abin da ya fi amfani shi ne ka rufe littafin, ka faɗi abin da ka tuna da bakinka, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayi yana rage kwanakin fashin makaranta. Yaron da kuma yake ƙanƙance ido in zai kwafi rubutun allo, a kai shi gwajin ido kafin a ce masa malalaci.