Darasi na Bakwai: Sabulun Bakteriya da Cutar Fumfuna a Gona

Duk wanda ya taɓa renon tumatir a bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Sinnar a Sudan, ya san ɓacin ran da ke cikin wayar gari a tarar da dashe ya kwanta, gindinsa ya yi laushi ya tsuke kamar zare. Fumfuna da danginta da ke zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ke yin wannan ɓarna, musamman inda ruwa ke kwanciya.

A cikin ƙasar gonar dai akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke fitar da wani sinadari mai aiki irin na sabulu. Domin a gane aikinsa, a ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza: zai dunƙule ya gangare bai jiƙa komai ba, amma da an sa masa ɗan sabulu sai ya baje ya kama ganyen. Haka sinadarin yake yi, sai dai ya wuce nan, domin jikin fumfuna lulluɓe yake da siririyar fata mai maiƙo, shi kuwa yana kutsawa cikinta ya huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu.

Bakteriyar da ake kira Bacillus subtilis tana fitar da iri uku na wannan sinadari: safaktin, wanda masana a Japan suka gano a 1968, da fenjisin, da iturin, wanda ya samo sunansa daga yankin Ituri na Kwango, inda aka ɗebo ƙasar da aka fara samunsa. Biyun na ƙarshe sun fi ƙarfi a kan fumfuna. Ana sayar da bakteriyar a matsayin gari ko ruwa, kuma sinadarinta yana ruɓewa cikin ƙasa ba ya daɗewa.

A ganinmu, babban kuskuren manomi shi ne jira sai cuta ta ci rabin hawasha, wato gonarsa, alhali maganin na rigakafi ne. A gauraya shi da iri kafin shuka, ko a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita gwargwadon abin da aka rubuta a jikin mazubi, a kuma ajiye ragowar a inuwa. Kada wani ya ce tunda sabulu ne bari ya kaɗa garin wanki ya fesa, domin wannan yana iya ƙona ganye. Kafin darasi mai zuwa, kowane ɗalibi ya tumɓuko dashe ɗaya da ya kwanta, da saiwarsa, ya zo da shi aji.